Jar Kagarar Kumasi da Lambar da ke Cikin Adakar Maigida



Mu a nan Tamale ba mu da kagara. Idan baƙo ya sauka ya ce a kai shi ya ga tsohon ginin yaƙi na zamanin Nasara, sai dai mu nuna masa sunaye: ga barikin Kamina, ga unguwar Kaladan. Na farko sunan wani gari ne a Togo inda aka ƙwace tashar wayar iska ta Jamus a 1914, na biyu sunan kogi ne a Bama inda iyayenmu suka yi yaƙin duniya na biyu. Dalilin rashin kuwa a fili yake. Lokacin da Ingilishi suka ɗauke hedkwatarsu daga Gambaga suka dawo da ita Tamale a 1907, ƙasa ta riga ta kwanta musu, abin da suke bukata ofis ne da kotu da gidan kaso. Kagarar da tarihinmu ya rataya a jikinta tana can kudu, tafiyar kilomita ɗari uku da tamanin ko kusa da haka, a tsakiyar Kumasi. Da yawanmu mun sha wuce ta a mota idan mun je sayen kaya a Adum, ba mu taɓa leƙawa ba.

Mu ma ba da niyyar ziyararta muka tafi ba. Ta'aziyya ce ta kai mu, bara bayan Sallar Layya, tare da Maigida wanda muke riƙe wa alƙalami shekara goma sha tara ke nan. Mun tashi bayan asuba, muka haye gadar Yapei, muka haye ta Buipe, muka yi azahar a Techiman. Tun daga Kintampo muka lura Maigida ya daina lazimi, ya zuba wa daji ido. Washegari da aka shafa fatiha aka watse, muna shirin neman motar komawa, sai ya ce, "Malam, kafin mu bar garin nan ina so ka kai ni gidan sojan nan ja." Muka ce, "Ranka ya daɗe, rana ta yi, ga ƙafar nan taka." Ya ce ƙafar da ta kawo kakansa daga Gambaga ba ta hau mota ba. Ba mu ƙara magana ba.

Ga wanda bai san wurin ba, gini ne mai kauri, ja, mai hasumiya a kusurwoyinsa da ƙananan kafofi a bango waɗanda aka yi domin bakin bindiga. Asalinsa kuma sau biyu aka gina shi, ko mu ce gini biyu ne suka gaji juna. Wajen 1820 Asantehene Osei Bonsu ya sa aka yi masa gidan dutse irin na Turawan bakin teku, aka ɗauko dutse a ka tun daga gaɓa. A 1874 rundunar Wolseley ta shiga Kumasi, ta ƙone garin, ta rushe gidan. A 1896 suka komo, suka kama Asantehene Prempeh na farko suka fitar da shi daga ƙasarsa, sa'an nan suka tayar da wannan kagara da ake gani yau, aka gama ta a 1897. A farkon shekarun 1950 aka mayar da ita gidan tarihin soja, kuma har yanzu sojojin Gana ke kula da ita. Wanda ya yi karatun tarihin Shehu da Sarkin Musulmi Bello zai tuna ribaɗi irin na Wurno, inda ake ajiye mayaƙa a bakin iyaka su tsare jama'ar da ke bayansu. Wannan kuwa a tsakiyar garin mutane aka dasa ta, bakin bindigoginta na kallon masu garin.

Wani saurayi soja ne ya zagaya da mu. Da ya ji muna Hausa sai ya saki Turanci ya koma Hausar Zangon Kumasi, yana kiran Maigida "Baba Alhaji", yana rage tafiya domin sandarsa. Ya nuna mana bindigogi na yaƙin Jamus da na Italiya da na Japan, da hotunan hafsoshi, da motocin yaƙi a tsakar gida, da wani ɗaki mai duhu da suke cewa a ciki aka tsare Yaa Asantewaa. Ya iya aikinsa, Allah Ya yi masa albarka. Labarin da yake bayarwa kuma shi ne wanda kowane ɗan makaranta a ƙasar nan ya haddace: a ƙarshen Maris 1900 Gwamna Hodgson ya tara sarakunan Asante, ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya ya zauna a kai, bai san cewa ko Asantehene ba ya zama a kanta ba, uwar sarautar Ejisu, Yaa Asantewaa, ta zaburar da maza, a ƙarshen Afrilu aka kewaye kagarar da Gwamna da matarsa a ciki.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne su wane ne ke riƙe da bindigogin da ke cikin kafofin nan. Turawan da aka rutsa da su ba su kai talatin ba. Sauran duka baƙaƙen fata ne, kuma a littattafan da Turawan suka rubuta bayan yaƙin suna ɗaya ake kiransu da shi: Hausa. Akwai na rundunar da ke zaune a Kumasi, akwai waɗanda suka zo daga Ikko a ƙarshen Afrilu, akwai kuma waɗanda Manjo Morris ya taso da su daga Gambaga, suka yi kimanin mako uku a ƙafa ta Kintampo, suka shiga da faɗa ranar 15 ga Mayu. Zuwansu ya ƙara bindiga, ya kuma ƙara baki a kan abincin da bai isa ba. A gindin bango ta waje kuma dubban mutane ne suka taru suna neman inuwar kagarar, cikinsu da fatake da matan sojoji da 'ya'yansu, ga damina, ga yunwa, ga agana. Ranar 23 ga Yuni Gwamna ya sulale da asuba da sojoji kamar ɗari shida, ya bar Turawa uku da sojoji ɗari da 'yan kai, akasari waɗanda yunwa ta riga ta kayar. Sai 15 ga Yuli Kanar Willcocks ya iso ya buɗe musu ƙofa. A littattafan nan kowane hafsa Bature yana da suna da muƙami da inda harsashi ya same shi. Namu kuwa galibi lissafi ne: Hausa kaza sun mutu, Hausa kaza sun ji rauni.

Mun daɗe da sanin cewa kakan Maigida yana cikin mutanen Morris. A adakar ƙarfe da ke ƙarƙashin gadon Maigida, wadda mabuɗinta ke hannunmu, akwai lambarsa: zagayayya, da kan Sarki Edward na bakwai a fuska ɗaya, da zaki a ɗayar, da ɗan ƙarfe a saman zaren da aka rubuta sunan Kumasi a jiki. Tare da ita akwai takardar sallamarsa daga soja, ta yi laushi kamar tsumma. A gidan ana faɗin labarin da alfahari, kuma mu kanmu mun sha rubuta shi a jawaban Sallah: cewa kakan Bakano ne, ya biyo ayarin goro zuwa Gwanja, ya shiga soja, ya yi jarumta a Kumasi, ya zauna Tamale tun tana 'yan ƙauyuka.

Da muka fito daga ɗakin duhun nan Maigida ya nemi wurin zama. Sojan ya kawo masa kujera a inuwar bango, ya ba mu wuri. Maigida ya jima yana shafa dutsen da tafin hannunsa. Sa'an nan ya ce, "Malam, abin da kake rubutawa a kan kakana ba haka yake ba. Ni na san ba haka yake ba tun ina ɗan shekara goma sha biyu."

Ya ce tsohon yana da tsaga a fuska wadda ba ta Kanawa ba ce, ba ta Katsinawa ba, ba ta Gobirawa ba, kuma in an tambaye shi sai ya ce ƙaya ce ta daji. Wata rana da zazzaɓi ya kama shi, yaron na yi masa fifita, sai ya ji shi yana magana da wani harshe da ba a taɓa ji a gidan ba. Da ya farfaɗo yaron ya tambaye shi, shi kuwa ya gaya masa, ya kuma ce kada ya faɗa wa kowa. A ƙasar Gurunshi aka haife shi. Yana yaro mahayan Zabarmawa suka faɗa wa ƙauyensu da hantsi, lokacin maza na gona, suka ɗaure shi da uwarsa a igiya ɗaya. A hanya aka raba su. A Salaga aka sayar da shi ga wani falke Bahaushe, a gidansa ya koyi Hausa da salla, yana ɗaukar masa kaya tsakanin Salaga da Yeji. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, da kasuwa ta watse, ubangidan ya yi ta yawo da shi, har wata rana ya ga masu jan dara suna ɗaukar soja, ya ajiye kayan da ke kansa a bakin hanya ya shiga layi. Aka tambaye shi suna ya faɗi na Musulunci, aka tambaye shi gari ya ce Kano, domin garin ubangidansa ke nan. Magatakardan Bature ya rubuta. Daga ranar babu mai ikon kama shi.

Wallahi ba mu san abin da za mu ce ba. Muka ce, "Allah Ya gafarta masa," kamar sabuwar rasuwa ce aka gaya mana.

Da muka dawo gida muka koma kan abin da muka karanta a da ba mu kula ba, sai muka ga labarin tsohon ba baƙo ba ne. Rundunar da ake kira ta Hausa tun tushenta haka take. A 1863 a Ikko Glover ya fara ta da bayin da suka gudo daga hannun iyayengijinsu, kuma da irinsu ya biyo ta kogin Volta a yaƙin 1874. Da Ingilishi suka hauro arewa sai suka yi ta ɗaukar Gurunshi da Mosi da Dagomba da Kanjaga da Frafra, Hausa ce harshen bariki, da ita ake ba da umarni, da ita ake zagi, da ita ake waƙar tafiya. Wanda ya shekara goma a ciki ya fito yana salla, yana sa riga da hula, ya auri 'yar Zango, to me ya rage? Sojan da ake cewa shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a yaƙin duniya na farko, a Togo cikin Agusta 1914, sunansa Alhaji Grunshi. Sunan kaɗai ya isa hujja. Taken rundunar ma da harshenmu yake: Kullum Shiri. Muna jin daɗi idan muka gan shi a jikin tuta, ba mu cika tambayar bakin da ya fara furta shi ba.

A nan ne maganar ta yi mana nauyi, domin ta taɓa mu ta fuska biyu, kuma babu mai daɗi a ciki. Ta fuskar farko, mutanen da suka tsare kagarar nan suna kare wanda ya zo ƙwace ƙasar wasu ne. Yaa Asantewaa, wadda aka kama a 1901 aka kai tsibirin Seshel ta rasu a can a 1921, a yau uwa ce ga ƙasa baki ɗaya, 'ya'yanmu mata suna karanta ta a makaranta suna alfahari da ita, kuma daidai ne su yi. Kakanninmu kuwa ta cikin kafa suke harbin mutanenta. Bayan shekara uku irin waɗannan sojoji ne, masu Hausa a baki, suka fasa ƙofar Kano a Fabrairu 1903, suka shiga Sakkwato a Maris, suka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi. Malamanmu ba su ɓoye ra'ayinsu a kan wannan zamani ba. Wanda ya karanta abin da Alhaji Umaru na Kete-Krachi ya rubuta a kan zuwan Nasara ya san irin baƙin cikin da ke ciki. Ta fuska ta biyu, wadda ta fi ɗaci, wanda ya sayi yaron nan a Salaga namu ne. Ba Bature ba ne. Falke ne mai salla da azumi, irin waɗanda muke jera sunayensu idan muna faɗin yadda Musulunci da fatauci suka shigo ƙasar nan. Shi kuwa Babatu, jagoran Zabarmawan, kabarinsa na nan Yendi inda ya rasu a 1907, mota ba ta cika awa biyu ba daga ƙofar gidanmu. To idan yaron da aka raba da uwarsa ya ga cewa jar darar Nasara ce kaɗai mafakarsa daga namu, da wane baki za mu kira shi maci amana? Amanar wa?

Akwai kuma abu na uku, wanda manyanmu suka sani, yara ba su sani ba. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Muna ƙanana sosai a lokacin, abin da muka riƙe daga bakin iyayenmu ne: manyan motoci cike da tabarmi da tukwane, gidaje da aka sayar a kuɗin akuya, mutanen da aka haifa a nan suka tafi ƙasar da ba su taɓa gani ba. Maigida ya ce a makonnin nan mahaifinsa bai taɓa fita ba sai da takardar sallamar tsohon da lambar a aljihun 'yar ciki, domin idan an tare shi ya nuna cewa ubansa ya zubar da jini a ƙasar nan. Ku dubi wannan al'amari. Takardar da yake dogara da ita ta ce uban mutumin Kano ne, wato baƙo. Gaskiyar da ake ɓoyewa kuwa, da an faɗe ta, ita ce za ta nuna cewa ɗan ƙasa ne tun kafin a san za a yi wata ƙasa mai suna Gana. Ya gwammace a kore shi a matsayin Bakano da a bar shi a matsayin ɗan bawa. Allah Ya sa ba a tare shi ba.

Ba mu kawo wannan domin mu tona asirin kowa ba, shi ya sa ba mu ambaci suna ko gida ba, kuma da izinin Maigida muke rubutu. Shari'a ta hana a goranta wa mutum asalinsa, kuma duk wanda ya zauna gaban malami ya san matsayin Bilal da Salmanu da Zaidu a wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: a Zango har gobe idan maganar aure ta taso akwai tsohuwar da za a aika ta binciko, kuma abin da take bincike ba sallar yaron ba ce. Mun ga auren da ya mutu a kan kalma ɗaya da aka raɗa a zaure. Mu da kanmu mun taɓa rubuta wasiƙar janye neman aure, muka sa dalili na ƙarya, mun san na gaskiyar. Wannan yana cikin abin da muke neman gafarar Allah a kansa.

Da maganar ta fito a zauren Maigida, tsakanin 'ya'yansa da jikokinsa, ba a rabu a kan ra'ayi ɗaya ba. Babban ɗansa ya yi fushi ƙwarai, ba da tsohon ba, da mu. Ya ce aikin magatakarda ya rufe, ba ya buɗe ba, kuma yana da 'ya'ya mata uku da ba su yi aure ba. Ba mu ga laifinsa ba, domin shi ne zai zauna da abin da zai biyo baya. Wani jika da ke karatu a jami'ar nan ta Tamale ya ce a ɗauki hoton lambar a kai gidan tarihin, a rubuta cikakken labarin a ƙarƙashi, har ma a kai kwafi Salaga inda aka gyara wurin tsohuwar kasuwar bayi aka buɗe wa masu ziyara. Wata jika kuma, wadda ba ta cika magana a gaban manya ba, ta yi tambayar da ta sa kowa ya yi shiru: ta ce shin an san sunan uwar? Maigida ya ce an sani. Shi kaɗai ne abin da tsohon ya riƙe daga harshensu, shi da sunan wani dutse da ke bayan ƙauyen. Ya faɗi sunan a hankali, sau biyu, kamar mai gwada ko harshensa zai ɗauka. Shekara saba'in da wani abu yana riƙe da shi bai taɓa furta shi ba.

Ra'ayinmu, in an tambaye mu, ya fi kusa da na jikan, amma ba duka ba. Ba mu ga dalilin kai lambar ko'ina ba. Kagarar Kumasi tana da masu ita da labarin da take bayarwa, kuma labarin Asantawa ne kafin ya zama na kowa. Su aka ƙone wa gari, su aka kwashe wa sarki. Abin da ya rage mana shi ne mu daina wuce ta kamar ba ruwanmu, mu kuma daina shiga da ƙirji a buɗe kamar mun ci gari. Makarantunmu na Islamiyya suna kai yara Kintampo kallon ruwa, suna kai su Mole kallon giwa. Da za a ƙara musu kwana ɗaya, a kai su su tsaya a gindin bangon nan ta waje, inda matan Zango suka kwana cikin ruwan sama, a gaya musu su wane ne ke ciki da yadda aka yi suka shiga, da an yi musu karatun da babu shi a manhaja.

A littafin da muke rubuta tarihin gidajen unguwa, shafin gidan Maigida ya daɗe da layi ɗaya a samansa: asalinsu Kano. Mun tambaye shi ko mu soke. Ya ce kada a soke, domin da bakinsa tsohon ya faɗa, kuma a kan haka ya rayu ya mutu aka yi masa salla. Ya ce mu rubuta sauran a ƙarƙashi, da ajami, mu sa sunan uwar, mu sa sunan dutsen. Mun rubuta ranar Alhamis bayan la'asar, shi yana faɗa muna bi, babban ɗan yana zaune a bakin ƙofa bai shigo ba, bai kuma tafi ba. Lambar ta koma adaka. Sunan uwar kuma an shigar da shi cikin waɗanda ake yi wa addu'a a gidan daren Juma'a, ko da yake wani malami ya ja hankalinmu cewa ba a san a kan wane addini ta mutu ba, kuma har yanzu ba a gama wannan magana ba.

Yanzu Maigida ya sa mu tambaya a tashar motocin Tumu da ta Navrongo ko akwai wanda ya san dutse mai wannan suna. Direba biyu sun ce sun taɓa ji, amma kowanne ya nuna wata nahiya daban. Idan ruwa ya ɗauke hanya ta bushe, kuma ƙafar ta yarda, ya ce za mu fara da na Tumu. Wanda ke da dangi ko abokin ciniki a wannan yanki, musamman cikin tsofaffi, muna roƙon ya same mu a zaure bayan sallar isha'i.